Mai, ƙaro ko sitaci: wanne za ka saya don ɗaure ƙwayar magani?

Mai ƙaramin kamfanin haɗa magani da ya ji ana yayata man tsirrai a matsayin abin ɗaure garin ƙwaya, ya dakata tukuna kafin ya yi odar durom. Man gyaɗa, manja da man zaitun, yadda suke a ruwansu, ba sa ɗaure komai. Santsi suke sa wa gari. Ka buga ƙwayar a inji, ka ɗauke ta ka murza da yatsa biyu, sai ta koma gari. Ga tabon maiƙo a jikin kwali, ga wari yana canzawa idan ta jima a zafin shago.

Wanda ke aiki shi ne man da aka daskarar da haidirojin har ya zama kamar kakin zuma. Na zurma ba ya narkewa sai wajen digiri 85, na gurya kuma ƙasa da haka. Ana ɗumama shi tare da garin, ya narke ya lulluɓe shi, ya huce ya riƙe, ba a zuba ko ɗigon ruwa ba. Nan ne amfaninsa ga magani irin asfirin da danshi ke lalatawa, da ƙwayar da ake so ta riƙa sakin magani a hankali. Sai dai mai ba ya shiri da ruwa. In ka cika hannu, ƙwaya za ta zauna a ciki ta ƙi fashewa, alhali ƙa'idar ƙwaya marar rufi ita ce ta watse cikin minti 15. Man kaɗanya kuwa, duk da arharsa, zafin jiki ma narkar da shi yake yi, balle zafin Afrilu a Sakkwato.

Don farasitamol da ire-irensa, ni dai sitacin masara zan saya: a dama shi kamar koko, sitacin ya zama kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na damin, ga arha. Ƙaron dakwara, wanda Borno, Yobe da Sudan ke fitarwa, ya fi shi riƙo, amma yana busar da ƙwaya ta yi tauri fiye da kima, kuma na kasuwa sai an tace shi daga ƙasa da ƙwayoyin cuta.

Kowanne ka zaɓa, kada ka biya sai dillali ya ba ka takardar gwajin wannan kason, mai nuna cewa na haɗa magani ne, ba na girki ba. Jami'an NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, za su nemi ganinta.