Taswirar alewa ta Nextdoor: tana nuna gidan da ake rabo, amma ba ta ƙirga yara

Da zarar Oktoba ta kama a Amurka, tambayar da ke bakin masu gida ɗaya ce: leda nawa ta alewa za a saya, kuma yaran ma za su zo bana? Akwai layin da a daren 31 ga wata, daren bikin Halowin, da ƙyar a ƙwanƙwasa ƙofa sau biyar. Tafiyar minti goma a mota kuma sai ka tarar da unguwar da alewa ke ƙarewa tun kafin bakwai. Manhajar Nextdoor, wadda ke haɗa mutanen unguwa ɗaya, tana fitar da wata taswira duk shekara mai suna Treat Map domin rage wannan lalube. Kyauta ce, talla ke ɗaukar nauyinta. Tana da amfani sosai ga mai fita da yara, amma mai zaman gida da ya dogara da ita zai sha mamaki.

Ga wanda bai san al'adar ba: ranar Halowin yara kan sa kayan shiga irin na dodanni ko jaruman fim, su bi gida gida suna cewa "trick or treat", wato a ba mu abin daɗi ko mu yi ɓarna. Ɓarnar ta zama baka kawai. Dokar da kowa ya sani ita ce fitilar ƙofar gida: in tana kunne ana rabo, in a kashe take a wuce.

Kafin ka ga taswirar sai kana da rajista, kuma Nextdoor na neman sunanka na gaskiya da tabbacin cewa a adireshin nan kake zaune. Wani lokaci lambar waya ta isa. In bai yiwu ba sai su aiko kati ta gidan waya ɗauke da lambar sirri, shi kuwa yana cin kwanaki. A nan sababbin zuwa suke makara: mutum ya sauke manhajar ranar 30, ya tarar ba zai shiga unguwarsa ba sai bayan biki. A yi rajista tun makon farko. Bayan haka aikin bai kai minti biyu ba: ka buɗe taswirar, ka sa wa gidanka alama, ka zaɓi irin abin da kake yi. Alamomin sukan ɗan sauya daga shekara zuwa shekara, amma manyan su ne masu rabon alewa, masu ƙawata gida don kallo, da masu kabewa mai launi tsakanin shuɗi da kore.

Wannan ta ƙarshe ita ce abin da ya fi daraja a duk taswirar. Ƙungiyar FARE, mai aiki kan matsalar mutanen da jikinsu ba ya ɗaukar wasu abinci, ita ce ta yaɗa alamar a faɗin ƙasar tun 2014, ma'anarta gidan yana da abin da ba na ci ba ne domin yaran da jikinsu ba ya ɗaukar gyaɗa, madara, ƙwai ko alkama. Ga iyayen irin waɗannan yara, sanin gida biyar takamaimai ya fi layi mai gida hamsin. Sai dai masu gida da yawa suna sa alamar ba su san sharaɗinta ba. Sitika, fensir, da ƴan sandunan nan masu haske su zauna a kwano daban, kada su taɓa cakulan. Kuma yumɓun wasan yara da ake sayarwa a gwangwani, yawancinsa da garin alkama aka yi shi, saboda haka ba ya cikin abin da ya dace.

Ga mai fita da ƙananan yara, amfanin taswirar shi ne tsara hanya tun da rana. Yaro ɗan shekara huɗu da wuya ya wuce awa ɗaya yana tafiya cikin kaya masu nauyi, gida goma sha biyar zuwa ashirin ya ishe shi. Nemi inda alamomi suka taru a layi ɗaya, ku bi gefe guda har ƙarshe, ku tsallaka a mahaɗar hanya, ku dawo ta ɗaya gefen. Wannan ba tsoro ba ne kawai. Wani bincike da mujallar JAMA Pediatrics ta buga, wanda ya duba alƙaluman fiye da shekara 40, ya nuna haɗarin mota ta kashe mai tafiya a ƙasa yana ƙaruwa da kashi 43 cikin ɗari a yammacin Halowin, ga yara ƴan 4 zuwa 8 kuwa kusan ninki goma ne. Mota ce abin gudu a daren, ba alewa ba. Tun 2007 da aka matsar da ranar mayar da agogo baya da awa ɗaya, da ake yi duk shekara, zuwa Lahadin farko ta Nuwamba, akwai sauran haske wajen biyar da rabi zuwa shida a yawancin jihohi, lokacin da ya fi dacewa da ƙanana kenan.

Yanzu inda take gazawa. Taswirar ba ta san kowa ba sai wanda ke cikin manhajar kuma ya tuna ya sa alama. Tsofaffin da suka shekara talatin suna rabo, waɗanda galibi su ne masu hannu a buɗe, da yawansu ba su ciki. Sai layi mai rai ya fito fayau kamar kango. Alamar kuma ba ta san alewa ta ƙare ba, ba ta san mai gida ya kulle ya tafi da nasa yaran ba. A gidajen bene masu ɗakuna da yawa abin ya fi muni, domin ko alama na nan, ƙofar ƙasa a kulle take, baƙo ba shi da hanyar shiga sai in masu kula da ginin sun shirya rabo a falon ƙasa.

Babbar gazawar ita ce taswirar tana ƙirga gidaje, ba yara ba. Wannan ne ya kai mu ga tambayar da ake ta yi, ko al'adar mutuwa take yi. Kuɗin da ake kashewa bai nuna haka ba: ƙungiyar ƴan kasuwa ta National Retail Federation ta ƙiyasta dala biliyan 12.2 a Halowin ɗin 2023. Abin da ya ragu shi ne yaran da ke kowane layi. An haifi jarirai kusan miliyan 4.3 a Amurka a 2007, a 2023 kuwa wajen miliyan 3.6. Unguwar da ta cika da yara shekara ashirin baya, yaran sun girma sun tafi, iyayen na nan a gidajen. Ga kuma rabon da coci-coci da makarantu ke shiryawa a filin ajiye motoci, kowa ya buɗe but ɗin motarsa yara su zagaya, galibi a ƙarshen makon da ke gaban ranar. Yaron da ya cika bokitinsa ranar Asabar, iyayensa ba su da zafin sake fita da dare in Halowin ɗin ya faɗo ranar Talata. A 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sa bin gida gida cikin abubuwa masu haɗarin yaɗa korona, wasu iyalai daga nan ba su koma ba.

Tsoron guba ma ya taka rawa, musamman bayan mutuwar mutum bakwai a yankin Chicago a 1982 daga maganin ciwon kai na Tylenol da aka sa wa guba makonni kaɗan kafin Halowin. Amma masanin zamantakewa Joel Best, wanda ya daɗe yana bin irin waɗannan rahotanni, bai samu shaidar baƙo ya kashe yaro da alewar rabo ba. Wani yaro da ya mutu a Texas a 1974 bayan cin alewar Halowin, mahaifinsa ne ya sa masa gubar.

Saboda haka yawon bai mutu ba, tattarewa ya yi wuri ɗaya. Iyaye suna ɗiban yara a mota zuwa unguwanni masu gidaje kusa da juna, da hanyar ƙafa, da fitilun titi. Taswirar kuwa ita ma tana ƙara wa wannan wuta: layin da ya fi alamomi shi ke jan jama'a, wanda ba shi da su ya ƙara mutuwa, badi mai gidan da bai ga kowa ba ya ƙi sayen komai. Wannan ba laifin wanda ya ƙirƙire ta ba ne, amma ya kamata a faɗa.

Mai gida, kada ka auna sayayya da taswira. Tambayi maƙwabcin da ya daɗe a layin yara nawa suka zo bara. Lissafa biyu ga kowane yaro, ka ƙara kwata a kai: yara 60 na nufin guda 150. Duba adadin da aka rubuta a jikin leda, ba nauyinta ba. Cakulan ya yi tsada tun da farashin koko ya haura dala 10,000 kan tan a 2024, don haka haɗa shi da alewar tauna, sai dai mai kiyaye halal ya karanta ko akwai jelatin a ciki, sinadarin da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, har da alade. Buɗe leda ɗaya bayan ɗaya. Kwanon da aka bari a waje da takardar "ɗauki ɗaya" ba ya kai rabin awa a layi mai cunkoso.

Ka tuna kuma alamar tana nuna wa duk unguwa ƙofarka, kada ka haɗa ta da sanarwar cewa ba ka gida. Wasu garuruwa na da nasu lokaci da doka, kamar Chesapeake a Virginia da ta iyakance yawon ga ƴan shekara 14 zuwa ƙasa, taswirar ba za ta gaya maka ba, sai ka duba shafin hukumar garinku. In alewa ta ƙare, cire alamar, ka kashe fitilar ƙofa da ta gareji gaba ɗaya, in ba haka ba za a ci gaba da danna maka ƙararrawa har tara.