Akwatin rauta na kamfani ko tsohuwar kwamfuta da VPP?

Malam, tsakanin akwatin rauta (na'urar da ke tura bayanai tsakanin cibiyoyin sadarwa) na kamfani mai ramin 10G, wato gigabit 10 a daƙiƙa, da haɗa kwamfuta ka ɗora mata VPP, manhajar da ke mayar da kwamfuta rauta mai sauri, ni dai kwamfutar zan ce ka ɗauka. Duka biyun sun zauna a ɗakin gwajina.

Akwatin na fara saya, kuma zaɓen tumun dare na yi. Ba ya cin wuta, ba ya ƙara, iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Ranar da na kunna dokokin tsaro da rabon gudu tsakanin na'urori, aikin ya bar guntun da aka ƙera domin tura fakiti (ƙunshin bayanan da ke bin layi) ya faɗo kan 'yar ƙaramar furosesarsa, gudun da aka rubuta a kwali ya zube.

Kwamfutar kuwa tsohuwa ce ta tebur, furosesarta mai ƙwaya (core) huɗu, na soka mata katin sadarwa na Intel X520 mai rami biyu. Da Linux zalla na fara, iperf3, manhajar gwada gudun layi, ya cika layin, har na ɗauka an gama. Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba. Shi iperf3 manyan fakitoci yake turawa, kuma da fakiti mai bayit 1500, wajen 812,000 a daƙiƙa sun isa cika layin 10G. Idan fakitin ya koma bayit 64, sai ka tura miliyan 14.88 a daƙiƙa ɗaya. Da na sakar mata ƙananan fakitoci da TRex, manhajar ƙera fakitocin gwaji, daga wata kwamfutar, ksoftirqd, sashen Linux da ke ɗaukar aikin fakitoci in sun yi yawa, ya cinye furosesa ƙaf, fakitoci suka yi ta zuba.

Daren da na tayar da VPP ba zan manta shi ba. Na ware masa ƙwaya biyu, na sake sakin wannan ambaliyar, na buga show runtime ina kallon layin Vectors/Call. Wannan lamba ita ke gaya maka fakiti nawa yake ɗiba a zagaye guda, kuma in ta manne a 256 to ya kai maƙura. Ina ƙara lodi tana hawa a hankali, har na wuce inda Linux ya durƙusa, ita ko kusa da 256 ba ta je ba. Na daɗe zaune ina kallonta, raina fes, ganin kwamfutar da na kusa yarwa ce ke wannan aiki.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, yana bin kowane fakiti da doguwar hidima daga farko har ƙarshe. Shi VPP, wanda Cisco ta saki ga kowa a 2016 ƙarƙashin shirin FD.io, tattara su yake yi ƙunshi guda, ya yi musu mataki ɗaya gaba ɗaya kafin ya wuce na gaba, don haka umarnin matakin yana nan a ma'ajiyar kusa ta furosesa, ba a sake ɗauko shi daga nesa. DPDK kuma, manhajar da VPP ke riƙe katin da ita, yana karɓe katin daga hannun kanel, ya tsaya a kansa yana dubawa ba hutu, ba ya jiran kati ya kira shi.

Wannan tsayuwar tana da nauyinta, gara ka sani tun yanzu. Ƙwayar da ka ba shi za ta zauna a kashi 100 dare da rana ko babu abin da ke wucewa, fanka na juyawa, wuta na tafiya. Zai keɓe wa kansa gigabayit 2 na RAM tun daga girkawa. Katin zai ɓace daga ip link, umarnin Linux da ke nuna ramukan sadarwa, saboda haka ka bar ramin da ya zo da kwamfutar domin shiga daga nesa ta SSH. Abin da ka buga a vppctl, inda ake ba VPP umarni, ba ya tsira in ka kashe na'ura, sai ka ajiye shi a fayil ɗin farawa. Kuma VPP bai san BGP ko OSPF, ƙa'idojin da rautoci ke musayar hanyoyi da su, da kansa ba. Sai ka kunna linux-cp, gadar da ke haɗa shi da Linux, ka jingina masa manhajar FRR ko BIRD da ke wannan aikin. In layinka bai wuce 1G ba, Linux zalla ya ishe ka.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da kati. Jabun X520 sun yi yawa: hoton na gaske za a nuna maka, a aiko maka da wani mai siririn ƙarfen sanyaya, ya yi zafi ya dinga yanke layi. Ka nemi hoton ainihin katin gaba da baya, kada ka biya sai an yarda za ka iya mayarwa. Yana isowa ka buga lspci -vv ka tabbata layin LnkSta, mai nuna faɗin haɗin katin da kwamfuta, ya nuna x8, ka bar shi cikin lodi kwana guda. Katin yakan ƙi wasu kawunan SFP+ (waɗanda ake sokawa a ramin katin) da ba na Intel ba, don haka tsakanin na'urori biyu na kusa ka sa gajeriyar wayar DAC, ta tagulla mai zuwa da kawunanta.

Ka nemi kwamfuta mai ƙwaya huɗu ko fiye, wadda ke da VT-d (fasahar Intel ta miƙa kati kai tsaye ga manhaja) da ramin kati na PCIe x8, ka ɗora Debian ko Ubuntu, sannan VPP. Kuɗin akwatin ka sa su a kati na biyu, domin na'urar da za ta riƙa turo maka fakitocin gwaji.