Mustang mai silinda huɗu ko mai takwas, da zancen taurarin nan biyu

Ɗan'uwa, tambaya biyu ka haɗa: tsakanin sabuwar Ford Mustang mai injin EcoBoost da mai V8 wacce ta fi, sannan ko da gaske ne taurari biyu kacal motar ta samu a gwajin haɗari. Bari mu fara da inji, shi ya fi sauƙin warwarewa.

Wadda kake nufi zubi na bakwai ce, wadda kamfanin Ford ya baje a Detroit a watan Satumban 2022, ta shiga kasuwa a matsayin ƙirar 2024. EcoBoost silinda huɗu ne, lita 2.3, tobo ke ɗura masa iska, yana ba da ƙarfin doki 315. V8, wanda ke cikin ƙirar da ake kira GT, kuwa silinda takwas ne, lita 5.0, ba shi da tobo, ƙarfinsa doki 480 a ƙirar Amurka, na ƙirar Dark Horse kuma 500.

Ba a lamba kaɗai suka bambanta ba, halinsu ma daban ne. Ƙaramin, da ka ɗan taɓa totur ƙarfinsa ya iso. Babban sai ka bar shi ya yi sama, allurar juyin inji ta doshi 7,000 a minti, sannan yake nuna ko shi wane ne, kuma wannan rurin na salansa shi yawancin masu sayensa ke biya wa kuɗi. EcoBoost ta fi GT rashin nauyi da kusan kilo 100, akasarinsa daga gaba aka rage, shi ya sa take shiga kwana ba gardama. Shan mai ma da tazara: a lissafin hukumar muhalli ta Amurka, ƙaramar na shan kusan lita 9 a kilomita 100, babbar kimanin 13. Sai dai in kana son giyar hannu da kulochi, magana ta ƙare, domin sabuwar EcoBoost otomatik mai giya 10 kaɗai ake yi. Giyar hannu mai 6 sai a V8. A Turai ma V8 ɗin kawai ake sayarwa.

To, batun taurari, wanda ni ya fi damuna.

Labarin gaskiya ne, amma a kan zubin da ya gabata. A watan Janairun 2017 hukumar Euro NCAP ta Turai ta gwada Mustang zubi na shida ta ba ta taurari biyu cikin biyar. Abin da aka gani ba na rainawa ba ne. A karon gaba, jakunkunan iska na direba da na gefensa ba su cika yadda ya kamata ba. Mutum-mutumin da aka zaunar a baya ya sulale ta ƙarƙashin bel, saboda bel ɗin baya ba shi da na'urar da ke tamke shi lokacin karo. A bugun gefe kuma, kan mutum-mutumin yaro ɗan shekara goma ya danne jakar iskar taga har ya taɓa bodi. Kariyar yara kashi 32 cikin ɗari ta ci. Sannan ƙirar da aka kai Turai ba ta da birki mai kama kansa. Da Ford ya sa shi, ya gyara jakunkunan iska, aka sake dubawa a watan Yulin shekarar, ta koma taurari uku.

Amma wannan zubi na shida dai, hukumar NHTSA ta gwamnatin Amurka taurari biyar cif ta ba shi. Ba wai ɗaya ta yi ƙarya ba. Ta Amurka ta fi duba yadda bodi da bel da jakar iska ke kare manya a karon gaba, bugun gefe da kifewa. Ta Turai tana haɗawa da yara, masu tafiya a ƙasa, da na'urorin hana haɗarin tun kafin ya auku, kuma in mota ta gaza a fanni ɗaya, shi ke jawo taurarinta ƙasa. Don haka duk wanda ya ce maka "taurari kaza", tambaye shi: wace hukuma, wace shekara, wane zubi? Sakamakon 2017 ba shaida ba ne a kan ƙirar 2024, ko da yake an gina sabuwar a kan ƙashin tsohuwar, kuma kujerar baya har yanzu matsattsiya ce. Ni dai ba zan mai da ita motar ɗaukar yara ba.

Inda tambayoyinka biyu suka haɗu shi ne nan. Bodi ɗaya ne, jakunkunan iska ɗaya ne, zaɓen inji ba ya ƙara tauraro ko ya rage. Abin da yake sauyawa shi ne gudun da za ka kai kafin ka ankara. A 2023 cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta fitar da jerin motoci 21 da direbobinsu suka fi mutuwa, shida daga ciki nau'o'in Mustang ne da takwarorinta Camaro, Challenger da Charger. Motar da tayoyin baya ke turawa, da doki 480, a jiƙaƙƙen titi, ƙafa ta ɗan yi nauyi a kwana sai bayanta ya juya.

Da ni ne, in motar hawan kullum nake nema, ko ban taɓa riƙe mai turawa da baya ba, EcoBoost zan ɗauka ba tare da jin na rage komai ba, doki 315 ba wasa ba ne. In kuwa sauti da giyar hannu ne suka ja ka, kuma ka saba, ɗauki GT. Ka dai tabbatar tana da birki mai kama kansa, ka sa mata tayoyi masu kyau, kuma kada ka kashe na'urar hana santsi a kan titin jama'a.