Ƙotar kirya ta zauna a hannuna, amma tsinin wuƙata ya tafi

Wata biyu ke nan da na karɓo wuƙata daga hannun wani dattijon maƙeri a ɓangaren Katako, nan Jos. Na ƙi yin magana a kan aikin sai da na shiga daji da ita, don wuƙa a kan tebur kowacce kyakkyawa ce.

Wuƙar ba sabuwa ba ce. Cikin kayan gwanjo na tsince ta shekara uku da suka wuce, irin ta daji ce ta Turawa, ruwanta santimita 12, kaurin bayanta milimita 4, kuma ƙarfen ya zarce tun daga tsini har gindin ƙota. Baƙin ƙarfe ne, in ka bar shi da laima dare ɗaya zai yi tsatsa, amma yana ɗaukar kaifi kamar aska. Ciwonta ɗaya ne, ƙotar. Roba ce mai tauri, sumul, da ta jiƙe sai ta koma kamar sabulu. A watan Agustan bara muna kan Duwatsun Shere ana yayyafi, ina feƙe turken da za mu ɗaure tamfol, hannuna ya sulale ya hau kaifin. Ɗinki huɗu aka yi mini a manuniya, har yau in sanyi ya sauko wurin yana tsukuna.

Na gwada dabarun da kowa ke gwadawa. Na naɗe ta da robar cikin tayar keke, ta kama hannu sosai, sai dai ruwa yana shiga ƙarƙashi ya kwanta, ranar da na kwance na tarar da tsatsa ta ci gindin. Na koma igiyar laimar sojoji, wadda ake cewa tana ɗaukar nauyin kusan kilo 250, mai zare bakwai a ciki. Igiya ce mai amfani a daji, amma a kan ƙota tana shan ruwa da jinin nama da man girki, bayan fita biyu wari ya sa na yanke ta.

To, shi ne wani abokin hawa dutse ya kai ni wurin dattijon. Abin da ya yi a ranar farko shi ya saye ni. Bai ma dubi wuƙar da kyau ba, hannuna ya kama ya juya, ya ga tabon, ya ce, "Ɗana, wannan ita ta yi maka?" Na ce ita ce, Baba. Sai ya aiki yaronsa ya ɗebo yumɓu, ya kwaɓa, ya mulmula shi a kan ƙarfen bayan ya ɓalle tsohuwar robar, ya ce in damƙa kamar zan sari reshe. Na damƙa. Ya ce in sake damƙa kamar zan fere rake, babban yatsa a kan bayan wuƙar. Da na saki, ga shatin yatsuna huɗu a jikin yumɓun, ga kwarin da tafina ya yi. Ya ajiye shi a gefen murhu ya bushe, ya ce da shi zai auna itacen. Wallahi ban taɓa ganin mai sana'a ya auna hannun mutum kafin ya yi masa ƙota ba.

Na zo da niyyar maɗaci, shi ya hana ni. Ya ce kirya zai sa, itacen da suke ƙona gawayinsa a maƙera, wanda ake sassaƙa taɓarya da shi, gara ba ta cinsa da wuri kuma ruwa ba ya saurin shigarsa. Ɓari biyu ya yanka ya manna a kowane gefe da gam ɗin nan mai haɗi biyu, ya huda ya soka ƙusoshin jan ƙarfe uku ya daddake kawunansu. A gaba ya bar ɗan tudu mai tare manuniya, a gindi ya bar kumburi kamar kan kulki don kada ta fice daga hannu lokacin sara, da ƙaramar huda ta zura igiya. Bai goge itacen ya yi ƙyalli ba. Ya bar shi da ɗan kaushi, ya zana tsagi-tsagi da magagari, ya shafe da man kaɗanya ya gasa a kusa da wuta har itacen ya shanye. Kuɗin da ya karɓa bai kai na buhun gawayi biyu ba.

Na roƙe shi abu ɗaya ƙari: ya daidaita mini bayan wuƙar ya yi kusurwa mai kaifi, don in riƙa karta sandar ƙyastu ta zamani da shi ba sai na ɓata kaifin ba. Na ce da magagari, Baba, a hankali. Ya ce ya ji.

Tsakiyar Satumba muka hau Shere ta wajen Lamingo, mu biyar. Wanda ya san wurin ya san yadda yake. Garin Jos kansa yana kan tudun kusan mita 1,200, kan dutsen kuma ya haura 1,800, hazo na iya rufe ka ka kasa ganin na gabanka. La'asar sakaliya ruwa ya tsinke, duk itacen da muka tara ya jiƙe sharkaf, ashana ta zama kunu a aljihun mai ɗauke da ita. Na ɗauki wani gungume mai kaurin damtse, na ɗora wuƙar a kansa na riƙa dukan bayanta da sanda har ya tsage, don a samu busasshen cikin. Hannuna duk taɓo, yatsu sun sandare, amma ƙotar nan ko motsi. Kai, kamar ma da ta jiƙe ta ƙara kama fata. Na faskara guda shida a jere, na fere siraran ɓawo, tsoron nan da ya zauna mini a zuciya tun bara ban ji shi ba ko sau ɗaya. Na karta ƙyastun a kan audugar da na shafa wa basilin, karta ta biyu wuta ta tashi. Muka dafa shayi, wuƙar tana zagaya hannu zuwa hannu kowa yana tambayar inda aka yi. A daren nan da za a ce in ba dattijon maki, goma zan ba shi ba tare da tunani ba.

Da safe nake son huda wani reshe in zura igiya. Na kafa tsinin na murza, ba da wani ƙarfi ba, sai na ji ya yi laushi. Da na ɗago, tsinin ya lanƙwashe gefe kamar bakin cokalin gwangwani. Wuƙar da na shekara uku ina huda gwangwanin madara da ita!

Nan take na tuna. Ranar da na je karɓa na ga wajen tsinin ya yi shuɗi-shuɗi da ɗan ruwan ɗorawa a gefe. Na tambaya, Baba ya ce, "Ba komai, hayaƙi ne," ya miƙa wa yaron ya goge da samfefa, launin ya ɓace, ni kuma daɗin ƙota ya ɗauke mini hankali. Ashe ba magagari aka sa ba. An kawo wuta a ranar, yaron ya ɗora bayan wuƙar a kan injin gurza ya danna har tsini, bai tsoma ta a ruwa ba. Irin wannan ƙarfen in ya ɗau zafi launinsa yake faɗa maka halin da yake ciki: in ya yi kalar busasshen kara, wajen digiri 220 ke nan, lafiya lau. In ya kai shuɗi, ya doshi 300, taurin da aka ba shi ya fara saki. Tsini kuwa siriri ne, cikin daƙiƙa kaɗan yake ƙonewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba ya fi ni sanin wannan sau ɗari. Mutumin da kullum yake yi wa gatari da lauje ban-ruwa, wato ya gasa su a wuta ya tsoma a ruwa don su yi tauri, da ido yake gane zafin ƙarfe. Ya ga shuɗin nan, ya san ma'anarsa, ya ce mini hayaƙi ne.

Kuma da raina ya ɓaci sai sauran abubuwan da na haɗiye suka dawo. Kwana biyar ya ce, sai da na yi sati uku. Sau huɗu ina hawa Keke Napep daga Rikkos in je a ce mini gam bai bushe ba, ko Baba ya tafi jana'iza, ko in dawo jibi. Kuma duk mai zama a Jos ya san yawo da wuƙa a jaka ba abin wasa ba ne, kowane shinge ka tsaya sai ka shirya bayani, shi ya sa ni a ƙasan jakar kayan daji nake naɗe ta, ban taɓa rataya ta a ƙugu cikin gari ba.

Na mayar masa da ita. Gaskiya bai yi musu ba. Ya juya ta, ya yi shiru, ya kira yaron ya yi masa faɗa sosai a gabana, sannan ya ce, "Ka yi haƙuri ɗana, laifina ne, ni ya kamata in tsaya a kai." Na ce ko za a sake yi mata ban-ruwa? Ya ce sai dai a ɓalle ƙotar, don wuta za ta cinye itacen da gam ɗin gaba ɗaya. Ban yarda ba, ƙotar nan ita ce ribata. Sai ya zauna da kansa da magagari da dutsen wasa, yana yi yana tsoma ta a ruwa, ya cinye wajen santimita ɗaya har ya kai inda ƙarfen ke da tauri, ya fitar da sabon tsini. Ko kwabo bai karɓa ba. Tsinin yanzu gajere ne mai kauri, ya fi na da jure huda, amma ba ya shiga lungu in ana fiɗa kamar yadda yake yi a da, kuma duk sanda na zare ta sai idona ya fara sauka a wurin.

Addar ƙanena ma ƙotarta ta tsage, kuma wurin Baba zan kai, don ban san wani a garin nan da zai auna hannu da yumɓu ba. Amma itace kawai zai taɓa. Duk abin da ya shafi ruwan ƙarfen a gida zan yi da magagarina, in kuma dole sai a can, to ina zaune a kan benci za a yi. Kuben wuƙar kuma ya yi mata yawa tunda ƙotar ta sauya, tana kaɗawa a ciki. Na cusa guntun fata a bakinsa na wucin gadi, ran Asabar zan leƙa dukawan Naraguta a ɗinka mata sabo.