Na kira mai sikanin ƙarfe daga Samaru, ga yadda muka kwashe

'Yan uwa masu walda, wannan naku ne. Tankin gas muka haɗa a shagona nan Sabon Gari, ko mai ba a zuba ba sai ga tsaga ta fito a gefen walda, ba kan waldar ba fa, gefenta. Na gyara ta dawo, na sake gyarawa ta sake dawowa, har mai kayan ya fara min kallon ban san aikina ba. Shi ne wani abokina ya haɗa ni da wani injiniya a Samaru mai awon ƙarfe da sauti, kamar dai sikanin masu ciki.

Ya zo kan lokaci, wannan kam na yaba. Ya sa yara suka goge wurin da girinda har ya yi sumul, ya shafa jel, ya dinga bin layin waldar da kan na'urarsa yana kallon allo. Wai sauti na gudun kusan mita 5,900 a sakan ɗaya cikin ƙarfe, in ya ci karo da tsaga sai ya dawo da wuri. Wuri biyu ya zana min da alli inda walda ba ta shiga ba, muka buɗe kuwa wallahi haka ne, kunya kamar in nutse gaban yarana.

Amma abin da na kira shi dominsa bai samu ba. Ya ce ciwon tankin shi ne ja, wato ɗaurewar da ta zauna cikin ƙarfen, wurin da ya sha wuta yana buɗewa, in ya huce yana so ya tsuke amma sauran farantin ya riƙe shi gam, sai ya zauna a ɗaure ko babu kaya a kansa. Shi wannan jan yana canza gudun sautin amma ɗan mitsitsi, bai kai 1 cikin 100 ba, tasa na'urar ba ta kama shi. Sai ya ciro waya yana nuna min bidiyon ta leza, haske ɗaya ya bugi ƙarfen ya tada sauti, na biyu ya karanta daga nesa, ba jel ba taɓawa, ko ƙarfen da zafinsa. Abin sha'awa, to amma shi ba shi da ita. Haba Injiniya, ai tun a waya ya kamata ka faɗa min, kuɗin nan fa ba na goro ba ne.

Ya ce a gasa wurin zuwa wajen digiri 600, awa ɗaya kan kowane inci na kauri, a bar shi ya huce a hankali. Ina zan samu murhun da zai ɗau tanki? Abin da na iya dai na ɗumama farantin kafin walda, na daina barin yara suna watsa ruwa don sauri. In tsaga kake nema kira shi, yau kwana tara tankin bai yi yoyo ba.