Kafin ka sayi na'urar auna yanayi: wa zai gaya maka idan ta daina aika bayanai?

Na'urar na iya zama a kan rufi, allon cikin ɗaki na nuna zafi da ƙarfin iska lafiya lau, alhali Weather Underground, shafin intanet da ke tattara bayanan yanayi, bai karɓi komai ba tun shekaranjiya. Data ta ƙare, ko an ɗauke wuta, ba ka sani ba. Ruwan da aka tafka ranar ya wuce ba a rubuta shi ba.

Manhajar waya da ke zuwa da na'ura tana da sauƙi, amma sai ka tuna ka buɗe ta. UptimeRobot kuwa, mai duba ko shafin intanet na aiki, a tsarinsa na kyauta, duk minti 5 yake leƙa shafin da kake nuna bayananka, sai dai shafi na iya buɗuwa da alƙaluman jiya ya ce komai daidai.

Ni dai manhajar WeeWX a kan ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi na zaɓa, haɗe da shafin Healthchecks.io. WeeWX kyauta ce, tana aiki da na'urorin kamfanin Davis da wasu da dama, tana aikawa Weather Underground da CWOP (wani tsarin tattara bayanan yanayi daga masu sa kai), kuma tana rubuta kowace aikawa da ta yi nasara a kundin aikinta. Healthchecks kuma saurare yake: na'urarka ce za ta riƙa yi masa sallama, idan ya ji shiru ya wuce lokacin da ka ɗiba, sai saƙo ya shigo maka ta imel ko Telegram. Ko wuta ce ta tafi da komai, shirun kansa ya isa. Amma a kula, a ɗaura sallamar a kan nasarar aikawa, ba a kan cewa kwamfutar na kunne ba.

Inda aka fi cutar mutane shi ne katin memori da Raspberry Pi ke ajiye bayanai a ciki. Jabu sun cika kasuwa: an rubuta 64GB, cikinsa bai kai rabi ba, yana cika ya fara lalata bayanai ba tare da gargaɗi ba. Irinsa ya cinye mini bayanan damina guda. Gwada kowane kati da manhajar H2testw, mai tantance ainihin girmansa, kafin ka saka. Haka caja: Raspberry Pi 4 na buƙatar 5V da 3A, jabun caja kuwa kashe ta take yi tana kunnawa, katin ya lalace. Kada arha ta ruɗe ka.

Pi 4 ba ta da agogo mai batir, saboda haka ƙara mata irin wannan ƙaramin agogon da ake kira DS3231, don kada ta tashi da lokacin da ba daidai ba bayan an dawo da wuta.