Gargaɗi ga Samarin Zango kan Masu Tallar Aikin Nutso a Teku

Assalamu alaikum 'yan uwa na Nima, Mamobi, Madina da Fadama. Akwai wasu mutane da ke yaɗa talla a WhatsApp da TikTok, wai suna ɗaukar samari aikin nutso a teku. Wasu za a kai su otal-otal na 'yan yawon buɗe ido a Sharm el-Sheikh ta ƙasar Masar ko Zanzibar, wasu kuma rijiyoyin mai na Jubilee da ke cikin tekun Gana. Don Allah kada kowa ya tura musu ko pesewa ɗaya.

Da bidiyo suke fara kama mutum: ruwa garau, ga murjani, ga kifaye kala-kala, su ce nan ne wurin horonsu a gaɓar Gana. Duk wanda ya taɓa zuwa Labadi ko Kokrobite ya san tekunmu ba haka yake ba. Igiyarsa na da ƙarfi, ruwan cakuɗe yake da yashi, daga Yuli zuwa Satumba ma ruwan sanyi na tasowa daga ƙasa ya ƙara dagula shi. Daga nan sai kuɗin fom ta MoMo, sai kuɗin gwajin lafiya ba tare da an ga likita ba, sai na kati, sai na biza, kowane da lambar waya mai wani suna daban. A ƙarshe su turo hoton kati mai tambarin PADI, ƙungiyar da ke ba da shaidar koyon nutso, su rufe layi. Haka suka yi wa ɗan yayata. Kuɗin adashin uwarsa ne, na kokon da take tashi dama shi tun kafin asuba, kuma har yau ta kasa maganar ba tare da hawaye ba.

Katin PADI na gaskiya ba a waya ake samunsa ba. Matakin farko sai mutum ya yi karatu, ya yi darasi 5 a ruwan kwance kamar na wurin iyo, sannan ya nutsa sau 4 a buɗaɗɗen ruwa, malami na tare da shi. Iyakar zurfin da aka yarje masa mita 18 ne, kuma na shaƙatawa ne kawai, ba takardar neman aiki ba ce. Wanda zai riƙa raka baƙi ƙarƙashin ruwa sai ya kai matakin Divemaster, wanda ba a ba da shi sai mutum ya yi nutso 60 a rubuce. Maganar Jubilee kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Zurfin ruwan wurin ya haura mita 1,000, injuna ne da ake sarrafawa daga jirgi suke aikin can ƙasa, masu nutson kamfanonin mai kuma makarantarsu daban ce, takardunsu daban.

Abin da ya hana ni barci ba kuɗin ba ne. Suna gaya wa yara cewa akwai "gwaji" a bakin teku da tukunyar iska ta haya. Iyayenmu mata, ku saurari wannan da kyau. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, nauyin ruwa a kansa na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da muke ciki a doron ƙasa. Idan ya shaƙi iskar tukunya a can, tsoro ya kama shi, ya riƙe numfashi ya taso da gudu, iskar za ta kumbura a ƙirjinsa, huhu ya fashe. Ba sai an je da nisa ba, a 'yan mitoci kaɗan ma yana faruwa. Wanda ya daɗe a ƙasa ya taso da sauri kuma, iskar naitirojin ke yin kumfa a jininsa, ta kawo ciwon gaɓɓai, shanyewar jiki ko mutuwa. Ita kanta tukunyar, in an cika ta da injin da ya zuƙi hayaƙin janareta, guba yaro zai shaƙa bai sani ba. Da yawa cikin yaranmu ko iyo ba su iya ba. Wanda bai ji tausayin kuɗin mai koko ba, shi ne zai tsaya duba tukunya?

Malamanmu, ku taimaka ku faɗe shi bayan sallar Juma'a. Shugabannin majalisun ataya, ku ma ku sa baki, don a wurinku maganar ke yawo. Duk wanda ya zo da zancen aikin ƙasar waje, a ce ya nuna lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago da ofishin da za a taka da ƙafa. In ya ce shi malamin nutso ne, a karɓi lambarsa ta malanta a tambayi PADI kai tsaye.

Wanda ya riga ya tura kuɗi kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana saƙonnin MoMo da hotunan hirar, ya sanar da kamfanin layinsa, ya kira Hukumar Tsaron Intanet a 292, sannan ya kai ƙara ofishin 'yan sanda ko EOCO, hukumar binciken laifukan kuɗi.